Dara Ta Ci Gida

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wani yayi da ya shigo Birnin Shehu wanda ya kamata mu dube shi da idon basira. Yau da zarar saurayi ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya sami 'yar kujera a ma'aikata, ba shi da wani buri illa ya keɓe ɗaki a ƙuryar gidansa, wai shi ɗakin wasa. Kwanan baya wani abokina ya kai ni nasa a wajen Arkilla. Na tarar da teburin sunuka, da talabijin mai faɗin bango, da na'urar PlayStation, ga janareta na ruri a bayan gida. Na ce, "Malam, da wa kake wasan?" Ya ce, "Galibi ni kaɗai, ni da na'ura."

Kada wani ya zaci wasa nake ƙi. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa rai na bukatar hutu, kuma tun kaka da kakanni yana da wurin wasansa, watau zaure da gindin bishiyar ƙofar gida. Nan ake haƙa gurbi 30 a ƙasa, jeri 5 kowanne da gurbi 6. Wannan ya ɗebi tsakuwa 12, wancan ya karya kara 12, a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Dara ke nan, ba ta cin ko kwabo, amma tana wasa ƙwaƙwalwa. Muhimmin abu ma shi ne wanda ke zaune a gefenta: attajiri da mai ga-ruwa, dattijo da saurayi, kowa na sa baki. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ke kwance asibiti, a nan ake lura da yaron da ya fara kauce hanya.

To, mu zo ga kuɗi. A 2023 aka janye tallafin man fetur, a 2024 kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Kuɗin waccan na'ura kaɗai ya haura irin wannan albashi na wata shida. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, saboda haka rufaffen ɗaki sai da na'urar sanyi, ita kuwa in an ɗauke wuta sai da janareta, janareta kuwa sai da fetur. Wai shin ma'aikacin da ke mataki na 8 ina zai samo wannan duka? Ko dai ya nutse cikin bashi, ko kuwa wata rana hannunsa ya kai ga dukiyar jama'a. Mu da muke zagin manya kan almubazzaranci, ga shi mun fara koyon darasinsu tun kafin mu yi furfura.

Na san za a ce zamani riga ne. Haka ne, amma mai hankali ba ya sa rigar da za ta shaƙe shi. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sanya jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka. Wasu kuma za su ce gara yaro ya zauna gida da ya bi 'yan shaye-shaye. Alhali kuwa unguwar da mutanen kirki suka kulle kansu a ɗaka, ai ita ce ɓata-gari ke gaje ƙofofinta.

Saboda haka ga shawarata. Duk mai halin yin ɗakin wasa, ya yi shi a zaure, ya bar ƙofa a buɗe bayan la'asar, 'ya'yan maƙwabta su shigo. Ya ajiye sunukarsa in yana so, amma ya zuba yashi a kusurwa ya haƙa gurbin dara, ya gayyato wani dattijon unguwa ya koya wa yara. Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai, me ya hana ta shirya gasar dara tsakanin ɗakunan kwana kowace shekara? In muka ƙi, wata rana za mu waiwaya mu ga muna da kayan wasa jingim, ba mu da abokin wasa. Allah ya ganar da mu, amin.