Jihohi ba su da sauran hanzarin ɓoye takardun gwamnati

A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta hau kan jihohi kamar yadda ta hau kan gwamnatin tarayya. Shari'ar ta taso ne daga Jihar Edo, inda wasu 'yan ƙasa suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar ta nuna musu yadda take kashe kuɗi, aka hana su. Sun yi nasara a kotun farko, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Benin ta rushe nasarar a 2018, amma ba su karaya ba. Muna jinjina musu.

Wannan doka ta sha wuya kafin ta samu. Tun 1999 ƙudurinta yake gaban Majalisar Tarayya. Majalisa ta amince da shi, Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba, sai a watan Mayun 2011 Shugaba Jonathan ya rattaba hannu. Daga nan gwamnatocin jihohi da dama suka laɓe a bayan hujja guda, wai dokar ta Abuja ce, majalisarsu ba ta yi irinta ba. Yanzu wannan mafaka ta rushe.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke hannunsa, domin ba don 'yan jarida kaɗai aka yi dokar ba. Kowa yana iya rubuta wa ma'aikata ko hukuma ya nemi takardun kwangila ko bayanin kashe kuɗi, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema a madadinsa. Kwana bakwai aka ba hukuma ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan takardun suna da yawa. Idan ta ƙi, dole ta faɗi dalili a rubuce, mai nema kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana jawo tarar naira 500,000, wanda ya lalata takarda ko ya yi mata kwaskwarima kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Tarar, a darajar naira ta yau, ta yi kaɗan ƙwarai, ya dace Majalisa ta ɗaga ta.

Mun san akwai abin da dokar ta keɓe, kamar sirrin tsaro da na binciken laifi. Amma kuɗin gyaran asibitin ƙauye ba sirrin tsaro ba ne. Haka sunan ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin gina aji ya tsere, da kason da ƙaramar hukuma take samu duk wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda masu mulki ke kukan jita-jita alhali su ne suka toshe hanyar sanin gaskiya. A 2022 gwamnatin Zamfara ta rufe wasu kafafen yaɗa labarai saboda sun ɗauko taron 'yan adawa. A 2025 gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna, ko da yake lasisin rediyo ba a hannun gwamna yake ba. Saurin da ake yi wajen rufe bakin mai tambaya, ba mu ga irinsa wajen amsa tambayar ba. Sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa kafafen labarai nauyin sa ido a kan gwamnati, to da me za su sa idon idan an kulle fayil?

Muna kira ga gwamnoni su naɗa jami'in karɓar irin waɗannan buƙatu a kowace ma'aikata, su riƙa wallafa kwangiloli tun kafin a tambaya, kamar yadda dokar ta tanada. Gidajen rediyo su karanto tanade-tanadenta da Hausa. Ƙungiyoyin unguwa da na ci gaban garuruwa kuma su rubuta wasiƙar neman bayani, a buga musu hatimin karɓa da kwanan wata, su fara ƙirga kwana bakwai.