Takardar Shaida Ba Ta Riƙe Bango

Matafiyin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba sai ya hango masana'antar siminti ta Malbaza tana tashi sama da duk wani gini na yankin. In kuwa ya karkata arewa daga Tsarnawa ya kama hanyar Tawa, ya ratse a ƙasar Badagishiri, zai iske ƙauyen Yama da masallacinsa na ƙasa mai hasumiya huɗu. Tsakanin wuraren nan biyu tafiyar ƴan sa'o'i ce. Sai dai a cikin kawunan da yawa daga masu zanen gine-gine na ƙasar Nijar, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta Yamai zuwa Paris. Sun san siminti daga littafi, sun san ƙasa daga hoto, kuma tun ranar da aka miƙa musu takardar shaida suka ɗauka karatu ya ƙare. Wannan zato shi ne cutar da ke cin bangayen makarantu da asibitoci da gidajen talakawa, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta.

Ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ba baƙuwar sana'ar gini ba ce. Tun 1966 ake toya siminti a Malbaza, daga farar ƙasar dutse irin wadda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, don kuwa shimfiɗar dutsen guda ce, iyakar da Turawa suka shata ba ta raba ta ba. Tsohuwar masana'antar ƙarama ce. Sabuwar da ta soma aiki a ƙarshen 2018 an gina ta ne don ta iya fitar da tan 650,000. Bayan haka an kafa wata masana'antar a Badagishiri. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan ambaliyar damina, gwamnati ta karya farashin siminti. Ma'ana, siminti ya yawaita, ya kuma sauko kusa da aljihun mutane. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ilimin aiki da shi ya ƙaru gwargwadon yadda buhunansa suka ƙaru?

A ɗaya ɓangaren akwai Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda mutanen Yama suka ɗora wa ginin masallacin Juma'arsu a 1962. Da farko gini ne mai sauƙi, rufin itace bisa ginshiƙai. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sake shi da baka, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiyoyin nan huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 aka ba masallacin lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin da ake ba gine-gine a duniya. Abin lura shi ne, Falke na 1982 ya fi Falke na 1962 sani nesa ba kusa ba. Shekara 20 ya yi yana komawa ga gini guda, yana duba inda ruwa ya ci, yana gwada dabara, yana gyara kuskurensa. Abin da ake kira ƙaro ilimi bayan kammala karatu ke nan, kuma wani magini na ƙauye ya aikata shi tun kafin a raɗa masa suna a ofisoshi.

Masu zanen gini na Nijar da yawa sun yi karatu a makarantar nan ta ƙasashen Afirka da ke Lome, wasu a Faransa, wasu a Maroko ko Aljeriya. Karatu ne na ƙwarai, babu mai raina shi. Amma takardar da aka samu shekara 15 ko 20 da suka wuce shaida ce ta abin da mutum ya sani a wancan lokaci. Kayan gini sun sauya, damina ta sauya hali, garuruwa sun malala zuwa cikin fadamu da hanyoyin ruwa. Likitan da ya daina karatu ana gane shi a gadon majinyaci guda. Mai zanen gini da ya daina karatu kuwa, kuskurensa yakan tsaya shekaru yana jiran ranar da zai faɗo kan mutane da yawa a lokaci ɗaya.

A ɗauki simintin kansa, wanda ake ganin kowa ya iya shi. Buhun da aka rubuta wa 32.5 da wanda aka rubuta wa 42.5 ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowane da aikin da ya dace da shi. Kankaren da zai ɗauki nauyi, kamar na ginshiƙi ko dakalin bene, yana neman kimanin kilo 350 na siminti a kowace kubik mita, wato buhu 7. Ba ya kai cikakken ƙarfin da ake lissafa masa sai bayan kwana 28, kuma dole a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda. A zafin Ƙonni na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, kankaren da aka zuba da tsakar rana aka bari ba ruwa yakan bushe kafin ya ƙosa, ya tsattsage, ya zama gawa da rai. Yashin da ya gauraya da laka yana kashe ƙarfinsa. Rodin da ba a lulluɓe da isasshen kankare ba yakan yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙi daga ciki. Ga kuma bulon da ake bugawa a bakin titi, ana matsa wa buhu guda har ya haifi ƴaƴan da ba zai iya ciyarwa ba, bulon da farce ma ke kankare shi. Mai zanen da bai taɓa tsayawa wurin aiki ya murza yashi a tafinsa ba, ta yaya zai hana ɗan kwangila wannan ha'inci?

Jahilcin ƙasa kuwa ya fi muni, don shi har da girman kai yake tafe. Magina na da sun san ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Sun san kwanakin da ake barin kwaɓi ya ruɓa da ciyawa kafin a mulmula tubali. Sun san makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, don yaɓen da ruwa ba ya ratsawa. Sun san shimfiɗa azara ta giginya wadda gara ba ta so, da inda ake kafa indararo don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Yau sai a ga an shafe bangon ƙasa da yaɓen siminti da sunan kariya. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare: yaɓen ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa mafita, bango ya jiƙe a ɓoye, wata rana yaɓen ya zubo falle guda ya tafi da naman bangon. Daga nan sai a ce laifin ƙasa ne. Laifin daɗi ƙarewa, laifin ƙasa kuwa rashin wanda zai kāre ta a gaban masu takarda.

Masu adawa da wannan magana suna da hujja, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Za su ce a daminar 2024 ruwa ya kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan guda, kuma yawancin gidajen da suka rushe na ƙasa ne. Za su tuna cewa a watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. Duk gaskiya ne. Bangon ƙasa da ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu ba ya tsira. To amma me wannan ya nuna? Ya nuna ana gini a hanyar ruwa, ana ɗora ƙasa kai tsaye bisa ƙasa ba tare da harsashi ba, an kuma bar yaɓen shekara-shekara da a da unguwa ke fitowa ta yi. Maganin duka sananne ne: harsashin dutse ko na kankare da ya ɗago sama da inda ruwa ke kaiwa, rufin da ya zarce bango, magudana mai kyau. A nan ne simintin Malbaza ya fi amfani, buhu kaɗan a gindin bango su ceci ɗaki gaba ɗaya. Hujjar masu adawa, in an bi ta zuwa ƙarshenta, kira ce ga ƙarin ilimi. Wanda ya san kayan biyu ne kaɗai zai san inda kowane ya kamata ya tsaya.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Dandaji, cikin ƙasar Illela, akwai tsohon masallacin ƙasa wanda shi ma aikin Falke Barmu ne. Ya tsufa, garin ya fi ƙarfinsa, har ana batun rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gini, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo shawarar a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. An kammala aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma. An gina sabon masallacin da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, an sa kankare a inda nauyi ya buƙace shi, an kuma gayyato maginan da suka san tsohon ginin don su gyara shi. Maginan sun koyi sababbin dabarun kare ƙasa daga zaizaya, masu zanen kuma sun koyi baka da tulluwa daga hannun masu su. Tun kafin wannan, daga 1980, an gwada gini ba itace a Cikal ta ƙasar Filinge, aka horar da magina masu yawa kan rufin ƙasa zalla. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa, kuma a 2022 ya karɓi lambar Pritzker. Ilimin yana nan. Hanyar isar da shi ga masu sa hannu a takardun kwangila ce ta toshe.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin kuɗin wannan toshewa. Su ne ke tsayawa a ajin bulo mai rufin kwano ba silin, da ƙarfe ɗaya na rana, suna kallon yara suna gyangyaɗi kamar an dafa su. Su ne kuma ke koyarwa a rumfunan kara, saboda an ce aji ko dai na siminti ko babu, kuɗin siminti kuwa bai isa ba. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan rumfuna a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka tafi. Tsakanin kara mai cin wuta da bulo mai tsada akwai hanya ta uku, kuma tana ƙarƙashin ƙafafun yaran.

Wasu za su ce masu zanen gini ƴan kaɗan ne, kuma yawancin gidajen Ƙonni da Galmi ba su taɓa ganin zane ba. Haka ne. Amma talaka yana kwaikwayon abin da ya gani a ginin hukuma. In makaranta da asibiti da ofishin magajin gari duka bulo da kwano ne, magidanci zai ɗauka wannan shi ne ci gaba, ya sayar da albasarsa ya sayi tanda ya kwana a ciki. Alƙalamin mutum guda a Yamai yana tsara ɗanɗanon gari guda.

Abin da ake nema a fili yake. A Faransa, tun 2016 doka ta wajabta wa kowane mai zanen gini sa'o'i 20 na horo a shekara. A Ingila ƙungiyarsu tana neman sa'o'i 35 daga mambobinta. Ya kamata ƙungiyar masu zanen gini ta Nijar ta ɗaure izinin aiki da irin wannan sharaɗi, amma kada a mai da shi taron otal, a ci a sha a raba kuɗin zama a watse. A yi shi a fili. Kwana biyu a ɗakin gwajin masana'antar Malbaza, mutum ya ga yadda ake murƙushe kankare don auna ƙarfinsa. Kwana uku a Yama da Dandaji, ya tuɓe takalmi ya taka kwaɓi, ya ɗaura baka da hannunsa. A haɗa da injiniyoyi da masu duba aikin ƙananan hukumomi da ƴan kwangila. A ɗauki manyan magina a matsayin malamai, a biya su ladan malanta, a daina ajiye su gefe kamar kayan kallo. A yi darasin da Hausa, don da ita ake magana a bisa tsani. Kuɗin kuwa, masana'antun da ke cin dutsen wannan ƙasa su ne na farko da ya kamata su sa hannu a aljihu, tun da duk ginin da ya zube sunan simintinsu yake zubarwa.

Ƙungiyoyin al'adu ma suna da nasu kaso. Sun yi ƙoƙari wajen adana waƙa da kokawa da tatsuniya, sun bar magina suna mutuwa da iliminsu a ciki. Kowane gari yana da tsohon da ya san ramin da ƙasarsa ta fi kyau, da sunan kowane ɓangare na rufi. A je masa da abin naɗar magana yanzu, a rubuta kalmominsa, malamai su kai ɗalibai su ga masallacin Yama kamar yadda ake kai su gidan tarihi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ranar da aka binne magini na ƙarshe da ya iya ɗaura tulluwa, duk simintin Malbaza da Badagishiri ba zai sayo abin da aka rufe a kabarinsa ba.