Gajiyar da ba ta da zufa

In ɗan dako ya sauke buhu hamsin na hatsi, kowa sai ya yi masa sannu da aiki. Amma ma'aikacin da ya wuni cikin biro yana lissafi, in ya koma gida a jigace, sai a ce: «Mi ya ɗauka?» Alhali kuwa kai ma yana gajiya, kuma gajiyarsa iri biyu ce.

Ta farko ita ce gundura, wato aiki guda da ba ya sākewa. Wani masani ɗan Ingila, Norman Mackworth, ya bayyana ta a 1948, bayan an lura masu tsaron na'urar hango jirage lokacin yaƙi suna yin sake. Ya zaunar da mutane awa biyu gaban wani agogo, su danna maɓalli duk lokacin da hannunsa ya yi tsalle biyu maimakon ɗaya. Rabin awa kawai, suka fara kuskure. Abin da ke samun direba ke nan tsakanin Maraɗi da Yamai: ido buɗe, hankali ya tafi.

Ta biyu ita ce gajiyar tunani mai nauyi. A 2022, masu bincike a Paris sun sa mutane aikin ƙwaƙwalwa mai wuya na wajen awa shida. Suka tarar wani sinadari mai suna gulutamat ya taru a sashen gaba na ƙwaƙwalwarsu, inda mutum ke danne son zuciya. Da aka ba su zaɓi, sai suka karkata ga kuɗi kaɗan a hannu, suka bar masu yawa da za su zo daga baya.

To, a nan ne hasara take. Ɗan kasuwar da ya wuni yana ciniki, da yamma ne yake karya farashi don ya huta, ko ya ba da bashin da da safe ba zai ba da ba. Ma'aikaci kuma ya sa hannu bisa takardar da bai karanta ba.

Maganin gundura shi ne sauya aiki, ko tashi a miƙe ƙafa. Maganin gajiya kuwa hutu ne da barci. Goro da shayi suna rufe ta ne kawai. Saboda haka babban ciniki da takarda mai nauyi, a bar su sai da safe. Jiki magayi, in ji Hausawa; kai ma yana gaya wa mai shi.