Aliyu Umar da Shari'ar Maganin Sanƙarau

Sanin kowa ne cewa ba kasafai talaka yake ja da mai ƙarfi a gaban alƙali ya ga ƙarshen magana ba. Shi ya sa aikin Alhaji Aliyu Umar, mai lambar girma ta manyan lauyoyi, wato SAN, ya cancanci ma'aikatan gwamnati da ɗaliban shari'a su dube shi da idon basira.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta hallaka dubban jama'a. Cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Iyayen yaran kuwa suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba.

A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da Aliyu Umar yake Kwamishinan Shari'a kuma babban lauyan gwamnatin jiha, aka maka kamfanin a kotu a Kano. Aka yi ta ɗage zama, ana ja-in-ja, har zuwa 2009 da aka daidaita a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin iyalan yaran, miliyan 30 domin ayyukan lafiya, sauran 10 kuɗin shari'a. Akwai masu ganin kuɗin ya yi kaɗan, kuma suna da hujja, balle ma da yake sai a 2011 aka fara biyan iyalai huɗu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Duk da haka, da ma'aikatar shari'a ba ta ɗauki maganar ba, da wuya iyayen da ba su da kuɗin lauya su sami ko sisin kwabo.

A 2019 shi ne ya gabatar da ƙarar Babban Jojin Nijeriya, Walter Onnoghen, a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata bisa zargin ƙin bayyana kadarori. An same shi da laifi, amma mutane da yawa sun jiyo warin siyasa a ciki, kuma a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi.

Abin tambaya a nan shi ne, ina irin wannan tsayin daka yake idan mai ƙara manomi ne a ƙasar Ɗanbatta? A can gonaki a matse suke, gado yana ƙara tsaga su, rikicin iyaka kuwa ba ya ƙarewa, alhali ofisoshin lauyoyi sun taru a birni. Tun 1976 aka kafa Hukumar Ba da Taimakon Shari'a domin marasa hali. Ya wajaba Ma'aikatar Shari'a ta jiha ta haɗa kai da wannan hukuma, a ajiye lauya a Ɗanbatta wanda manomi zai iya samu ran kasuwa, a kuma riƙa tura ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero su zauna a kotunan karkara lokacin hutu.