A Bar Mata Su Karanta Labarin Likita Mai Soyayya

Mai karatu, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane a nan ƙasar Dakoro, daga cikin gari har Kornaka, ina so mu zauna mu tankaɗe ta. Cewa ake yi littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano ta hanyar Maraɗi su ke ɓata mata da ƴan mata. Wanda ya fi ba mutane haushi kuwa shi ne irin labarin da za ka ga yarinya ta yi lakwal har ta zama likita ko masaniyar kimiyya, tana raha da saurayinta, tana mai da mishi magana, ƙarshe su yi aure ba ta bar aikinta ba. Wani in ya ga irin wannan a ɗakin matarsa sai ya yage shi, wani ya jefa a murhu. Ni aikina koya wa manya karatu ne, kuma ina gaya maka wannan hukunci zalunci ne, asara ce kuma a kanmu duka.

Bari in fara da abin da kowane malamin yaƙi da jahilci ya sani. Mace ta zo aji da rani, ta sha wahala wata da watanni har ta iya haɗa baƙi da wasali. Damina ta faɗi, aka tafi gona. In babu abin karantawa a gida, kafin kaka ta manta rabi, kafin wani rani sai a koma farko. Karatu kamar lauje ne, in an ajiye shi tsatsa ke cinye shi. To, me muka ba ta da Hausa? Takardar rigakafi da ta takin zamani. Suna da amfani, amma wa ka taɓa gani ya ƙarar da batirin cocila a kansu? Labarin soyayya kuwa sai ta kai tsakar dare tana bi, don ta ji yadda za a ƙare. Wadda ta gama littafi guda da kanta, ta wuce a karanta mata saƙon salula ko takardar asibiti.

Waɗannan littattafai ba daga sama suka faɗo ba. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, a ajin manya ta ci gaba da karatu, kamar matan da ke zaune gabanmu. Ita ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka raba da makaranta aka ba tsoho, ta gudu ta nemi ilmi har ta tsaya da ƙafarta. Bilkisu Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994, kuma an san ta da labaran ƴan mata masu zurfin karatu da riƙon addini. A 2007 an tara littattafan Hausa an ƙone a Kano a bainar jama'a. Shin an daina karantawa? Ko kusa. Yanzu ma ta salula suke shigowa, ba sai an je kasuwa ba.

Sai ka ce mini, "Ai ƙarya ce a ciki. Ina ka taɓa ganin ɗiyar talaka ta zama masaniyar kimiyya?" To, Fadji Maina haifaffiyar Damagaram ce. Ta karanci ilmin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta sami digirin dakta a Faransa a 2016, a 2020 kuma ta kama aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Mu da matanmu ke kwana bakin rijiya mai zurfi suna jan wasaki, mu ne za mu ce ilmin ruwa bai dace da mace ba? Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maraɗi tun 2010, ana karatun kimiyya a cikinta, ba a kuma rubuta "maza kaɗai" a ƙofa ba. Mari Kuri ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911, tana matar aure mai ɗiya lokacin da ta ci ta farko. In kuwa ka ce waɗannan almajiran Nasara ne, ina ka bar Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta bar ƴan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata?

Sai ka ce, "Littafin zai sa ta ƙi aure." Mu duba lissafi. Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cikin mata 100, guda 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A jihar Maraɗi kuwa 89 ne. Ka ga ƙarancin aure bai dame mu ba. Abin da ya dame mu ƴan mata ba su kai ƙarshen lakwal, shi ya sa a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fito da doka don kare karatun ɗiya mace. Kuma duk labaran nan da aure suke ƙarewa. Abin da suke ƙarawa kawai shi ne yarinya na iya samun miji da aiki gaba ɗaya. Ga abin mamaki: mutumin da ya ƙone littafin likita mace, shi ne ranar da matarsa ke naƙuda zai tsaya ƙofar asibiti yana rantsuwa namiji ba zai duba ta ba. Malam, ba a girbin abin da ba a shuka ba. Likita macen da kake nema, ɗiyar wani ce da aka bari ta yi mafarkin zama likita.

Wasu kuma dariyar ce ke ƙona musu rai. Wai mace mai ilmi ba ta wasa. Tun yaushe? Mu da ke da wasan taubasai da na jika da kaka? Labari mai ban dariya yana cire wa yarinya tsoro. Ta ga likitar nan ita ma tana faɗuwa jarrabawa, tana ƙona tuwo, tana jin kunyar surukai, sai ta ce, "Ashe mutum ce kamata." Ko a ƙasashen Turawa haka abin yake. A 2021 wata masaniyar ƙwaƙwalwa mai rubutu da sunan Ali Hazelwood ta fito da The Love Hypothesis, labarin ɗalibar kimiyya da soyayyar ƙarya da ta rikiɗe ta zama gaskiya. Ya yi kasuwa ƙwarai. Wasu masu karatu sun ji daɗin ganin mace a ɗakin bincike, wasu sun yi tir da soyayya tsakanin ɗaliba da malamin jami'a. Al'adun cikinsa ba namu ba ne, amma dubi abin da suka yi: sun karanta tukuna, sannan suka yi gardama.

Ban ce duk littafin soyayya alheri ne ba. Akwai na batsa, musamman cikin waɗanda ke yawo a salula, kuma uba na da haƙƙin hana su shiga gidansa. Amma ba a ƙone rumbu don an ga ɓera. Matan aji ma suna da nasu sukan, kuma ya fi na maza kaifi. Suna cewa marubuci zai kira yarinya likita, amma daga farko har ƙarshe ba ka ga ta taɓa majinyaci ba, sai lefe da mota da bene. Gaskiyarsu. Marubuta, ku ji wannan. Ku nuna mana ita tana duba jini tana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ku nuna ta a kwarin Tarka tana auna zurfin rijiya, saurayin na riƙe mata igiya yana tsoron leƙawa. Za mu yi dariya, za mu ƙaru.

Saboda haka, mai karatu, ga abin da nake roƙonka. In ka ga littafi a hannun matarka ko ɗiyarka, kada ka fizge. Ka karanta shi. In ba ka iya ba, ka ce ta karanta maka bayan sallar isha'i, ku tattauna, abin da bai dace ba ka faɗa da hujja. Mu kuma malamai, kowane aji ya sami akwatin littattafai zaɓaɓɓu da za a riƙa ara, musamman da damina. Mun ce da mata su fito su yaƙi jahilci, sun fito. Bai kamata mu ƙwace musu makami a tsakiyar fage ba.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa ɗiyanmu su fi mu. Amin.