Shafi Bai San Fuska Ba, Lamba Ya Sani

Duk wanda ya taɓa ajiye keke a bakin kasuwa ya san ƙa'idar mai gadi. Zai rataya lamba a jikin keken, ya miƙa wa mai shi 'yar'uwarta. Da yamma, wanda ya zo da lambar shi ke tafiya da keke, ko da kuwa ba shi ya ajiye ba. To, haka shafin intanet ke rarrabe dubban mutanen da ke cikinsa a lokaci guda.

Wannan matsala ta girmi intanet. A shekarar 1961, a makarantar MIT ta ƙasar Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka tsara yadda mutane da yawa za su yi tarayya a kan kwamfuta ɗaya. Domin kada wani ya leƙa ajiyar wani, sai aka ba kowa kalmar sirri.

Da shafukan intanet suka bayyana, sai ga wani cikas. Na'urar da ke ɗauke da shafi ba ta tuna kowa, watau duk buƙatar da ta iso mata baƙuwa ce. A 1994 wani ma'aikacin kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya fito da dabarar da ake kira kuki. Da zarar mutum ya shigar da sunansa da kalmar sirri, sai shafi ya ajiye wata doguwar lamba a kwamfutar da yake aiki da ita. Daga nan ba a sake tambayarsa, lambar ce shaidarsa.

A nan gizo ke saƙa. A watan Oktoba na 2010 wani masani, Eric Butler, ya saki manhajar Firesheep, wadda ta nuna cewa mutum na iya tsintar lambar maƙwabcinsa a kan layin intanet na tarayya, ya shiga Facebook da sunansa. Manyan kamfanoni sun toshe wannan kafa ta hanyar kulle saƙonni a kan hanya. Amma ba su da ikon toshe sakaci.

Ɗalibin da ya je shagon intanet neman gurbin karatu, da magidancin da ya ari wayar aboki don duba wasiƙarsa, su ne abin jin tsoro. Sau da yawa rufe shafi ba ya kashe lambar. Wanda ya gaji kujerar zai iya karanta asirin mai ita, ko ya roƙi danginsa kuɗi da sunansa, a wayi gari laifi ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka lalle ne mai aiki da na'urar da ba tasa ba ya danna wurin fita kafin ya tashi, kada kuma ya yarda ta adana masa kalmar sirri. Wanda ya bar lambarsa a kan benci, kada ya tuhumi mai gadi in keke ya ɓace. In kunne ya ji, jiki ya tsira.