Faɗakarwa Ga Masu Zuba Kuɗi A Fataucin Mai Bisa Sharaɗin Riba Tsayayya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga malaman Wudil da almajiransu, da duk wanda ta isa hannunsa a Garko da Gaya da Sumaila da Dawakin Kudu. Dalilin rubuta ta, wata irin tarayya ce ta yaɗu a cikinmu a kan fataucin man fetur da gas. Mutane suna kiranta haɗin jari, ni kuwa ina kiranta bashi da kuɗin ruwa wanda aka naɗa wa rawani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da yawa daga cikinta a zauren malamai ake ƙulla ta, a shafa fatiha, kowa ya tashi yana ganin ya yi abin kirki.

Ga surarta. Mai gidan mai, ko mai tanka, ko mai shagon ɗura gas, ya je wa mai kuɗi ya ce, “Kawo naira miliyan 5 in sa a mai. Kowane ƙarshen wata in ba ka dubu 250, uwar kuɗinka kuwa tana nan daram, ran da ka so ka karɓa.” Ba takarda, ba shaida sai wanda ya yi dalili, shi ma yana jiran la'adarsa. Mai kuɗin nan fa sau da yawa ba attajiri ba ne. Dillalin shanu ne da ya tara abin da ya samu a kasuwar Juma'a, ko ma'aikacin da ya aje aiki aka biya shi kuɗin sallama, ko mace da gadon marayu a hannunta tana tsoron kada ya narke.

Ku san asalin abin tukuna, domin masu gidajen mai ba don mugunta suka fara neman kuɗin mutane ba. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Kafin ranar lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin kwana biyu ta kai wajen 500, a Oktoba 2024 kuwa ta haye 1,000 a wurare da yawa. To, yi lissafi ya kai almajiri. Tanka mai cin lita 45,000 da ake cika ta da abin da bai kai miliyan 9 ba, sai ga ta tana neman miliyan 45. Mutumin da yake sayen tanka guda da kuɗinsa ya wayi gari jarinsa bai fi kashi ɗaya cikin biyar na tankar ba. Banki kuwa ruwansa ya yi zurfi. Sai ya juyo wajen maƙwabta da surukai da abokan sahu a masallaci. Bukatarsa gaskiya ce, neman abokin tarayya kuma halal ne. Sharaɗin da aka gindaya shi ne ɓatacce.

Bakinmu ma ya taimaka wajen ruɗin. Da kalma guda muke kiran abin da falke ya samu bayan ya sayar, da abin da mai ba da bashi ya ɗora a kan bashinsa: duka mu ce riba. Saboda haka a cikin takardar nan in na ce riba, ribar ciniki nake nufi, ɗayar kuwa zan ce mata kuɗin ruwa, don kada wani ya ɓuya a bayan lafazi.

Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid har ya kai babin ciniki, balle wanda ya shiga Mukhtasar na Halilu, ya san ƙiradi, wanda waɗansu ke kira mudaraba: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki. Sharuɗɗansa a mazhabarmu ba ɓoyayyu ba ne. Rabon kowa juzu'i ne na riba, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba adadi yankakke ba. Ma'aikaci amintacce ne, ba ya lamunce uwar kuɗi sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka iyakance masa. In an sa masa sharaɗin lamuni, ƙiradin ya ɓaci. In asara ta zo, kan dukiya take faɗawa, shi kuma ya yi asarar guminsa. Ba a kuma kiran wani abu riba sai jari ya dawo cif, an cike gurbin abin da ya ragu. In kuwa dukansu biyu suka zuba kuɗi, to riba da asara gwargwadon abin da kowa ya zuba ne.

Yanzu ɗauki cinikin miliyan 5 ɗin nan ka aza a kan wannan ma'auni. Rabo yankakke ne. Uwar kuɗi lamuntacciya ce. Ana karɓa kowane wata ba tare da an buɗe littafi an ga ko an ci ko an faɗi ba. Me ya rage na ƙiradi a ciki? Suna kaɗai. Dukiyar da aka lamunce maka dawowarta bashi ce, ko da an kira ta jari sau dubu, abin da aka ɗora a kanta kuma kuɗin ruwa ne. Wannan ba mas'ala ce mai zurfi da sai an aika Masar tambaya ba.

Idan wani ya ce, “Allah ya gafarta malam, ai da yardarmu aka yi,” sai in ce masa mai karɓar bashi da ruwa a banki ma da hannunsa yake sa hannu. Yarda sharaɗi ce a ciniki, amma ba ta wanke haram.

Idan ya ce, “Ai mai ba ya faɗuwa, shi ya sa aka yanka adadi,” sai in ce wannan maganar zamanin tallafi ce, lokacin da gwamnati ke yanka farashi ta kuma biya kuɗin dako daga kudu zuwa arewa. Wancan zamani ya wuce. Daga Disamba 2024 zuwa cikin 2025 matatar Dangote ta rage farashinta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, dillalai suka yi ta kukan asara. Tanka ta taso daga Ikko, tafiyar da ta fi kilomita 1,000, ta kwana huɗu ko biyar a hanya. Kafin ta haye gadar Wudil an rage naira 50 a lita. Naira 50 sau 45,000, miliyan 2 da dubu 250 ke nan sun tafi tun ba a sa tiyo a rijiya ba. Wa zai ɗauka? Bisa sharaɗinku mai gidan mai shi kaɗai, kuma ƙarshen wata masu jari goma suna tsaye a ƙofarsa.

A nan ne ɓarnar take fita daga tsakanin mutum biyu ta shafi gari. Mutumin da aka ɗaure shi ya biya adadi ko ya ci ko bai ci ba, ina zai samo? Zai taɓa famfo, mai babur ya biya lita biyar ya tafi da huɗu da rabi, alhali akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Zai rufe gidan mai da rana ya ce babu, da dare ya buɗe wa 'yan bumburutu da jarkokinsu. Zai hana tanka sabuwar taya, ya hana direba barci. In duk wannan bai isa ba, sai ya karɓi kuɗin sabon mai jari ya biya tsoho, daga ranar kuwa ba fatauci yake yi ba, abin da MMM ta yi ne har ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, sai dai shi yana da famfo a ƙofar gida. Kai da kake karɓar dubu 250 kana cewa alhamdu lillahi, ka taɓa tambayar daga aljihun wa ta fito?

Na zauna a sulhun irin wannan. Marayu uku ne da uwarsu a gefe guda, mai gidan mai a gefe guda, ba kuwa zan ambaci suna ba. Ita ta ce jari ne, a ba ta uwar kuɗinta cif. Shi ya ce jari ne, an faɗi, abin da ta karɓa wata goma sha huɗu ma a cire shi daga uwa. Kowannensu ya riƙe rabin hukunci, rabin da ya yi masa daɗi. Aka nemi takarda babu. Aka nemi malamin da ya shafa fatiha, ya ce shi addu'a aka ce ya yi, bai tambayi sharaɗi ba. Kaito!

Sai kuma masu cewa rubutu rashin yarda ne, wai ɗan'uwa ba ya rubuta wa ɗan'uwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga sahabbai kuwa, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ku dubi kuma manyan wannan sana'a, ku ga ko akwai mai yin ta da baka. Tarayyar da ta daɗe tana haƙo mai a yankin Neja Delta, rabonta a rubuce yake shekara da shekaru: har zuwa farkon 2025 kamfanin NNPC kashi 55 cikin ɗari, Shell 30, Total 10, Agip 5, kowa ya zuba kuɗin aiki gwargwadon kasonsa, ya kwashi ɗanyen mai gwargwadon kasonsa. Da gwamnati ta riƙa kasa zuba nata, bashi ya taru, a Disamba 2016 aka zauna aka daidaita a kan dala biliyan 5.1 da za ta biya abokan tarayyarta. An iya lissafa shi ne domin an rubuta. A 2021 NNPC ta ƙulla sayen kashi 20 na matatar Dangote a kan dala biliyan 2.76, ta biya biliyan 1 ta tsaya. A Yuli 2024 Alhaji Aliko ya bayyana cewa kasonta ya koma 7.2. Ba a ce ai gwamnati ce a yi mata kara ba: abin da ka zuba shi ne kasonka, kamar yadda yake a littattafanmu. Matatar Soraz ta Damagaram da aka buɗe a 2011 ma haka, kamfanin CNPC na Sin 60, gwamnatin Nijar 40. Ban kawo su don in tsarkake su ba, mutanen Ogoni suna da abin faɗa a kan gonakinsu da ruwansu. Na kawo su ne don ku ga masu biliyoyin daloli da lauyoyi ba su yarda da baka ba, sai mai gadon marayu ce za a ce ta ji kunyar neman takarda.

Akwai kuma abin da ba a son ambata lokacin ƙulla ciniki. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A Janairu 2025 aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, har gwamnati ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Tankoki irin waɗannan dare da rana suke ratsa tsakiyar Wudil zuwa Dutse da Potiskum da Maiduguri. Wanda ya sa kuɗi a tanka yana da kaso a abin da take ɗauke da shi, yana da hakkin ya san lafiyar burkinta, da nauyin da ake ɗora mata, da ko direba yana samun albashinsa. Mai riba tsayayya ba ruwansa da wannan, domin tanka ta isa ko ta ƙone nasa yana nan. Shari'a da ta ɗora asara a kan dukiya ta sa mai dukiya ya buɗe ido ne. Ku kun cire masa asarar, kun rufe masa idon.

Ina kuma jin wani sabon kiɗa game da gas. Gaskiya ne ran 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Gaskiya ne kuma an ce wata 24 za a gama, aka ɗaga ranar aka sake ɗagawa. Wanda ya zo muku da maganar tashar gas ko kwangilar dako, yana alkawarin adadi kowane wata tun kafin a sayar da kilo guda, ku tambaye shi daga wane ciniki ribar watan farko za ta fito. Ku nemi ku ga rajistar kamfaninsa da lasisin hukumar NMDPRA da idonku.

Ya ku malamai, Allah ya gafarta muku, da ku nake a ƙarshe, don ku ake kira. In an zo muku da goro a ce a sa albarka a haɗin jari, kada ku ɗaga hannu sai kun tambayi nawa kowa ya zuba, rabon riba juzu'i ne ko adadi, in an faɗi wa zai ɗauka, yaushe ake buɗe littafi, wa kuma yake da ikon duba shi. In aka ce adadi ne kuma uwa lamuntacciya ce, ku mayar da goron. In aka gyara sharaɗi, ku sa almajirinku mai kyakkyawan hannu ya rubuta, da ajami ko da boko, kofe biyu, shaidu biyu adilai waɗanda ba su da la'ada a ciki. A rubuta har abin da za a yi in farashi ya faɗi tanka tana hanya, da in ta kife, da in ɗayansu ya rasu. Dukiyar marayu kuwa kada a sa ta sai da sanin alƙali. Waɗanda suka riga suka shiga, su koma wa abokin cinikinsu tun ana gaisawa, a lissafa abin da aka karɓa bisa tsohon sharaɗi, a kai wa malamin da ya san babin ya faɗi hukuncinsa, sa'an nan a ƙulla sabo a rubuce.

Wanda yake da hujja daga littattafan mazhaba da ta halatta yanka adadi tare da lamunin uwar kuɗi, ya rubuto da sunan littafi da babi, za a buga masa a wannan takarda kamar yadda aka buga tawa. Wassalamu.